Shin ɗan ƙwallo mai shekaru zai iya dawowa bayan rauni?

A gidajen kallon ƙwallo na Turaki, a Jalingo, da zarar babban ɗan wasa ya ji rauni a gwiwa sai ka ji an ce tasa ta ƙare. Ba kullum haka take ba.

Vincent Enyeama yana da shekara 34 ya ji rauni a gwiwa a Lille, cikin Afrilun 2017, kuma bai sake tsare wa ƙungiyar raga a gasa ba. A wannan watan ne jijiyar gwiwar Zlatan Ibrahimovic ta tsinke a Manchester United, yana da shekara 35. Shi kuwa ya dawo, har ya ci kofin gasar Italiya da AC Milan a 2022.

Bayan tiyatar irin wannan jijiya, jinya kan kai wata tara ko fiye. Cikin wannan zama naman cinya yana ramewa, kuma jikin wanda ya haura talatin yana jinkirin mayar da shi. Saurin gudu ne ke fara tafiya, shi ya sa mai dogaro da tsere ya fi shan wahala. Wanda ya iya karanta wasa da tsayuwa inda ya dace yakan daɗe.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu masu atisaye a filin Jolly Nyame da filayen unguwa. Mai ɗori ya iya ƙashi, amma ba ya ɗinke jijiyar da ta tsinke. Idan gwiwa ta kumbura tana gocewa, a je asibiti a yi hoto, kuma kada koci ya mayar da yaro fili kafin likita ya yarda.