Shatar Jirgi Domin Fatsa a Tsakiyar Teku

Fatsar tsakiyar teku sana'a ce ta yawon buɗe ido da ta kafu a tsibiran ƙasashe masu zafi, inda mutum huɗu zuwa shida ke haɗa kuɗi su ɗauki shatar ƙaramin jirgi mai inji, da matuƙinsa da yaransa da kayan aikinsa, su fita can cikin ruwa mai zurfi neman manyan kifaye da sandar fatsa. Fitar rabin yini takan ɗauki awa huɗu, ta cikakken yini awa takwas ko fiye. Masu zuwa ba masunta ba ne. Galibinsu baƙi ne da suka zo hutu, kuma abin da suke biya wa kuɗi shi ne damar yin artabu da kifin da ya fi su nauyi, ko da a ƙarshe za su koma masauki hannu rabbana.

Tsarin biyan kuɗin iri biyu ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa neman adaidaita sahu a Bata ta Kano ya san su: ko mutum ya ɗauki shata shi da mutanensa, ko ya biya kuɗin kujera ɗaya a haɗa shi da waɗanda bai sani ba. Shatar yini guda takan kama daga ɗaruruwan daloli zuwa sama da dala dubu, gwargwadon girman jirgi da tsibirin da ake. Mai ne ke cinye kaso mai tsoka, sai albashin ma'aikata, gyaran inji, inshora da lasisi. Taƙaita yawan mutane kuwa yana da dalili. Jiragen ba su cika wuce tsawon mita 9 zuwa 15 ba, filin bayansu ƙarami ne, kuma idan babban kifi ya kama, mutum ɗaya ne kawai zai yi fama da shi, sauran su zuba ido. Idan an yi yawa, wani zai biya kuɗinsa ya dawo bai taɓa sanda ba. A Amurka ma akwai lasisin matuƙa da bai yarda a ɗauki fasinja fiye da shida ba, kuma da shi yawancin ƙananan jiragen shata ke aiki.

Abin da ya sa tsibirai suka yi fice a wannan harka yana ƙarƙashin ruwa. A gaɓar manyan nahiyoyi, ƙasa takan gangara a hankali, sai an yi tafiya mai nisa kafin a kai inda zurfi ya wuce mita 200, wanda daga nan ne ainihin teku ke farawa. Tsibiran da aman wuta ya haifar ba haka suke ba. Kawunan duwatsu ne da suka taso daga ƙasan teku, don haka jirgi na barin tasha ba da jimawa ba sai ya tsinci kansa a kan ruwa mai zurfin ɗaruruwan mitoci. Igiyar ruwa idan ta bugi jikin dutsen sai ta turo abinci sama, ƙananan kifaye su taru, manya su biyo su. Ga tanadin mai, ga tanadin lokaci.

A Afirka ta Yamma, sunan da ya fi fita shi ne Kef Bade, tarin tsibirai masu nisan kusan kilomita 570 daga gaɓar Senegal. Daga garin Mindelo na tsibirin Sao Bisente jirage ke fita zuwa mashigin da ke tsakaninsa da Santo Antao, kuma daga wajejen Afrilu zuwa Yuli masu neman kifin da ake kira shuɗin malin daga Turai da Amurka kan cika wurin. Kusa da gida akwai Sao Tome da Firinsipe a Mashigin Tekun Gini, ƙasar da Nijeriya ta ƙulla yarjejeniyar haƙar mai ta haɗin gwiwa da ita a 2001. A gabas akwai mashigin Pemba, arewa da Zanzibar, inda kakar malin ke kamawa daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin iskar da Suwahilawa ke kira kaskazi. Sai Moris a Tekun Indiya, da Kona a Hawai, wadda manyan duwatsu suka tare mata iska har ruwanta ya zama lafiyayye kusan duk shekara.

Sarkin kifayen da ake nema shi ne malin, mai dogon baki kamar mashi da yake bugun ƙananan kifaye da shi kafin ya haɗiye su. Matansu ne ke yin girma na ban mamaki, mazan ba su cika wuce kilo 160 ba. Akwai ɗan'uwansa mai faffaɗar ƙaya a gadon baya wadda yake buɗewa idan ya harzuƙa, akwai tuna mai rawayar ƙaya, da wahu mai kaifin haƙori da gudu, da dorado mai launin zinari da kore, wanda shi ne ya fi yawan faranta wa sababbin shiga rai domin ba ya wuyar samu kuma namansa da daɗi.

Ana fita ne da sassafe. Idan an kai ruwa mai zurfi, wanda ake ganewa da rikiɗar launinsa daga kore zuwa shuɗi mai duhu, sai yaran jirgi su buɗe wasu dogayen sanduna biyu a gefe da gefe, waɗanda ke ware zaruruwa don kada su sarƙe. Akan saki zare huɗu zuwa shida a bayan jirgi, kowane da kifin roba mai kyalli ko mataccen kifi da aka ɗinke a jikin ƙugiya. Jirgin ba ya tsayawa. Yana tafiya ne da saurin kilomita 13 zuwa 16 a awa, yana jan su a saman ruwa suna tsalle-tsalle kamar garken kifi mai gudun ceton rai. Kyaftin yana zaune a bene, ido ɗaya a kan na'urar da ke nuna zurfi da abin da ke ƙasa, ɗaya a kan tsuntsaye, domin inda tsuntsaye ke faɗawa ruwa, akwai manyan kifaye a ƙasa da suka koro ƙanana sama. Itacen da ruwa ya ɗauko ma ba a wuce shi, saboda dorado na son fakewa a inuwarsa. Awanni na iya shuɗewa a haka ba a ga komai ba, kuma wannan zaman jira shi ne kaso mafi yawa na yinin, abin da masu talla ba su cika faɗa ba.

Idan malin ya kai cafka, zaren kan fizge daga maƙalarsa ta jikin sandar gefe da ƙara, na'urar naɗe zare ta ɗau kuka, zare na fita da gudu. Cikin daƙiƙu kaɗan kifin na iya jan ɗaruruwan mitoci, ya tashi sama gaba ɗayansa yana girgiza kai don ya yar da ƙugiya. Nan take yaran jirgi za su naɗe sauran zaruruwan, a zaunar da wanda layi ya zo kansa a wata kujera mai juyawa da aka kafe a tsakiyar jirgin, a soke gindin sandar a wani gurbi tsakanin cinyoyinsa, a ɗaura masa ɗamara da ke riƙe na'urar. Da ƙafafu ake yin aikin, ba da damtse ba: ya jingina baya ya ɗago sanda, ya sunkuyo yana naɗe abin da ya samu, ya sake. Wani yaro na bayansa yana juya kujerar ta fuskanci kifin, kyaftin kuma yana ja da jirgin baya, ruwa na fantsamowa ciki. Zaren da ake amfani da shi yakan tsinke idan nauyi ya wuce kilo 24, ko 37, ko 60, gwargwadon ajinsa, alhali kifin na iya ninka haka sau biyar ko goma. Sirrin yana ga birkin na'urar, wanda ke sakin zare kafin ya kai ga tsinkewa. Ba a jawo malin da ƙarfi, gajiyar da shi ake yi, kuma hakan na iya ɗaukar minti ashirin ko awa uku.

Wasan yana da dokoki. Ƙungiyar IGFA, wadda aka kafa a 1939, ita ce ke ajiye tarihin kamu mafi girma, kuma a ƙa'idarta idan wani ban da mai fama da kifin ya taɓa sanda ko na'ura ko zaren yayin fafatawa, kamun ba ya shiga littafi. Baƙin malin mafi nauyi a littafin shi ne wanda Alfred Glassell ya kama a Kabo Bilanko ta ƙasar Peru a 1953, mai kilo 707. Na shuɗin malin na Atilantika kuwa Paulo Amorim ne ya kama shi a gaɓar Bitoriya ta Birazil a 1992, kilo 636. Don a gane girman, kifin da ya ci gasar Argungu a 2005, wanda aka daɗe ana labarinsa, kilo 75 ne.

Abin da zai fi ɗaure wa Bahaushe kai shi ne yadda ake ƙarewa. Bayan duk wannan wahala, a yawancin jirage na yau ba a kashe malin. Idan an jawo shi gefen jirgi, yaro mai safar hannu zai kama zaren ƙarshe mai kauri, a soka wa kifin wata 'yar alama mai lamba a kafaɗa, a kimanta nauyinsa, a cire ƙugiya ko a yanke zare. Idan ya galabaita, sai a riƙe bakinsa jirgi na tafiya a hankali har ruwa ya ratsa masa ya farfaɗo, sannan a sake shi. Lambar na taimaka wa masu bincike su san tafiyarsa, kuma ta haka aka tabbatar malin na ƙetare teku daga wannan nahiya zuwa waccan. Lissafin masu jirage a fili yake: mataccen malin sau ɗaya ake sayar da shi a kasuwa, rayayye kuwa shi ne zai sa baƙo ya dawo baɗi. Tuna da wahu da dorado su akan ajiye, a zubar musu da jini a saka a ƙanƙara. A wurare da yawa al'ada ita ce kifin na jirgi ne, a yanka wa baƙo abin da zai ci, saura ma'aikata su sayar, don haka ya kamata a yi wannan magana tun kafin a bar tasha.

Musulmi mai niyyar zuwa yana da abin dubawa a nan. Naman teku halal ne a mazhabar Malikiyya ba tare da yanka ba, amma littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan Kano, ya sanya farauta don wasa kawai a cikin makaruhai, ya halatta wadda ba don wasa ba. Wanda ya fita da nufin samo abin da za a ci yana kan turba mai sauƙi. Wanda burinsa hoto ne kawai, gara ya tambayi malaminsa.

Ƙungiyar IUCN ta sanya shuɗin malin cikin halittun da ke fuskantar barazana, amma ba masu sanda ɗaya ne suka fi yi masa illa ba. Manyan jiragen kamun tuna ne, masu shimfiɗa mamari na tsawon kilomitoci masu yawa da dubban ƙugiyoyi, waɗanda malin ke faɗawa ba don shi aka ɗana ba. Hukumar ICCAT mai hedikwata a Madrid, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a 1966 kuma Nijeriya na cikinta, ita ce ke ƙayyade abin da za a kama a Atilantika. Kef Bade da Sao Tome duk suna da yarjejeniya da Tarayyar Turai da ta ba jiragenta izinin kamun tuna a ruwansu. Tsakanin waɗannan manyan jirage da jiragen baƙi akwai mai kwale-kwale na tsibirin, wanda kifin nan shi ne tuwon gidansa. A tsibirai da dama jirgin shata da otal ɗin da ke turo baƙi na 'yan ƙasar waje ne, ɗan gari kuma yaron jirgi ne, duk da cewa shi ya san ruwan. Inda aka horar da 'ya'yan masunta suka zama kyaftin, suka mallaki jirage, nan ne kawai za a ce sana'ar ta amfani mutanen wurin, kuma baƙo mai adalci zai nemi irin waɗannan jirage.

Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, amma wannan harka ba ta bunƙasa ba in ban da 'yan ƙungiyoyin masu jirage a Legas. Babban cikas shi ne tsaro. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a Mashigin Tekun Gini aka ɗauke su. Lamarin ya ragu sosai bayan ƙaddamar da shirin tsaron ruwa na Deep Blue a 2021, sai dai baƙo ba ya saurin mantawa. Kifin teku da mutumin Fagge da Sabon Gari ya sani shi ne na ƙanƙara a kwali, wanda yawancinsa daga ƙetare ake shigo da shi ta Legas, a yi masa tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota.

Ga ɗan Kano da ke son gwadawa, Zanzibar ta fi sauƙin kai wa, ta Addis Ababa daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Kef Bade kuwa, kamar Nijeriya, mamba ce a ECOWAS. Da dala ko yuro ake biya, don haka farashin canji a Wapa na cikin lissafi, kuma akan ba da kafin alƙalami tun kafin a taso. Ya kamata a samu a rubuce me zai faru da kuɗin idan iska ta hana fita, domin kyaftin ne ke da ikon soke tafiya, kuma kyaftin na gari ba ya jin magiya a kan wannan. A tabbatar jirgi na da lasisi, da rigar kariya daga nutsewa ta kowa da kowa, da rediyon kiran agaji. Tukwicin yaran jirgi, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin shata, ba ya cikin farashi, kuma da shi suke rufa wa kansu asiri. Sai jiri da amai, wanda ba ya barin jarumi: yana zuwa ne idan abin da ido ke gani ya saɓa wa motsin da cikin kunne ke ji. Ana shan maganinsa kafin a hau jirgi, a ci abinci mara maiƙo, a zauna a sarari ana kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Wanda bai taɓa hawa teku ba, ya fara da fitar rabin yini.