Sifikar haɗin gida: Abin da ke raba mai ƙarko da mai ƙonewa a Birnin Kebbi da Argungu

A Birnin Kebbi da Argungu, matashin da ke son kiɗa mai ƙarfi a ɗakinsa ba dole ba ne ya sayi sifikar kanti. Yana iya sayen kan sifika da amfilifaya, kafinta ya buga masa akwati, mai gyaran rediyo ya haɗa wayoyi. Hakan ya fi araha, amma kuskure ɗaya na iya ƙone kuɗin da aka yi watanni ana tarawa.

Kiɗan da ya fi gwada ƙarfin irin wannan haɗi shi ne na jitar lantarki, salon rock na Abzinawa irin su Bombino ɗan Agadez da Mdou Moctar. Kebbi na iyaka da Nijar, don haka sautin ba baƙo ba ne a nan. Ƙarfin jita yana tsakiyar sauti ne, ba a gunjin ƙasa ba. Wanda ya zuba kuɗinsa duka a ƙatuwar wufa mai inci 18 zai ji ƙofar ɗaki na rawa, jitar kuwa ta ɓace. Ga ɗaki ɗaya, inci 12 ko 15 tare da tuwita mai kyau sun wadatar, muddin an sa 'yar na'urar da ke raba musu sauti.

Tarkon farko yana jikin kwali. Dubban wat da ake rubutawa da sunan PMPO talla ce kawai. Lambar RMS ce ke nuna abin da sifika za ta jure na dogon lokaci. Akwai kuma wadda ba a cika dubawa ba, wato desibel da sifika ke bayarwa da wat ɗaya. Ninka wutar amfilifaya desibel 3 kacal yake ƙarawa. Ke nan sifika mai 97 da wat 100 daidai take da mai 94 da wat 200. Ga mai dogaro da janareta, wannan lissafin fetur ne.

Sai batun om. Sifika biyu masu om 8 idan aka jona su a kan baki ɗaya, jan waya da ja, baƙa da baƙa, sun koma 4. Guda huɗu sun koma 2, kuma amfilifayoyin gida da yawa ba sa ɗaukar haka. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a kwarin Rima, ba sai an daɗe ba ƙauri zai tashi.

Abin mamaki, ƙaramar amfilifaya na ƙone tuwita kamar babba. Idan aka murɗa ta har ƙarshe, sautin ya fara tsagewa, wannan tsagewar ce ke gasa siririn kwayil ɗin da ke ciki. Ana iya sake naɗa shi, sai dai kuɗi ne na biyu.

Wajen akwati, katakon MDF na ba da sauti mai tsabta, amma yana da nauyi kuma laima na kumbura shi. Wanda zai riƙa ɗora kayansa a kan babur zuwa biki, musamman a unguwannin da ke kusa da fadama a Argungu, gara ya nemi filawud mai kaurin milimita 18, a sa gam da sukuru, ba ƙusa kaɗai ba.

Kunne kuwa ba shi da mai naɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako. A desibel 100, wanda irin wannan akwati ke kaiwa cikin sauƙi a rufaffen ɗaki, lokacin ya ragu zuwa kimanin minti 20. Maƙwabcin da ke bayan katanga, wanda zai tashi sallar asuba, shi ko minti ɗaya bai nema ba.