ZUMUNTA A ƘAFA TA KE

Yau maganarmu a kan wani ƙaramin abu ce wanda ke cikin aljihun kusan kowa, watau wayar hannu, wadda a Nijar a ke kira salula.

Bari mu fara da faɗin alherinta, gama tana da shi. A zamanin kakanninmu fatake su kan tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, su yi watanni a hanya da jakunansu. Iyalinsu kuwa ba su san ko suna da rai ba sai ran da ayari ya komo. Yau ɗan da ke Kumasi ya kan ji muryar uwarsa a Maraɗi kafin shayi ya huce.

A kasuwa ma ta taimaka ƙwarai. Salula ta shigo Nijar a shekarar 2001. Wata masaniya mai suna Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta tarar inda waya ta kai, bambancin kuɗin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalilin a fili ya ke. Dā sai mutum ya biya kuɗin mota ya je ya ji nawa a ke sayar da buhun gero. Yanzu kira ɗaya ya isa.

Amma fa ku lura, 'yan'uwana. Mutumin da ya yi tafiyan nan ba labarin farashi kaɗai ya ke komowa da shi ba. Ya kan sauka gidan maigidansa a zango, ya ci tuwonsa, ya kwana a zaurensa, ya gai da marar lafiya, ya yi wa mai haihuwa barka. Maigida kuma ya ga halinsa da idonsa, har ran nan ya tsaya masa a ba shi kaya bashi, ba takarda, ba shaida. Daga zama tare amanan nan ta tsiro. Waya ta rage mana wahalar tafiya, amma idan ba mu yi hankali ba za ta rage mana abin da tafiyar ta ke haifarwa.

Me ya sa murya kaɗai ba ta isa ba? Hausawa sun ce, labarin zuciya a tambayi fuska. Na san wata tsohuwa a unguwarmu wadda ɗanta ke kiranta kowane mako, yana kuma aiko mata da kuɗi. Kullum in ya tambaye ta sai ta ce, "Lafiya lau, ɗana." Haka mu ke amsa gaisuwa ko da ciwo na cin mu. Maƙwabciya ce ta shiga ɗakinta ta ga ƙafafunta sun kumbura, ta ga tuwon jiya yana nan ba a taɓa ba. Ɗan bai yi laifi da ya kira ba. Sai dai waya ba ta ga kumburi, ba ta ga kwanon da ba a ci ba. Gani ya kori ji.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan. Waya ta kan kawo na nesa kusa, ta mai da na kusa nesa. Mai saye ya yi sallama a bakin rumfa, mai kaya kansa a sunkuye, yana amsawa da hanci. Kuna tsammani gobe zai komo? Uba da 'ya'ya suna cin abinci a kwano ɗaya, kowa idonsa a kan gilashi. Yaro kuwa daga fuskar manya ya ke koyon gaisuwa da kunya da tausayi. In bai ga fuskar ba, ina zai koya?

To, ba na ce ku jefar da waya a rijiya ba. Ga shawara uku. Ta fari, in mutum ya tsaya gabanka, kife waya, ka dube shi, ka gaishe shi sosai. Ta biyu, a lokacin cin abinci a ajiye ta gefe. Ta uku, ta'aziyya da dubiya da neman gafara, in ƙafa za ta iya kai ka, kada ka aiki waya.

Kafin mako mai zuwa, tuna da mutum ɗaya wanda ka daɗe kana jin muryarsa ba ka ga fuskarsa ba. Ka kira shi ka ce, "Gobe ina zuwa." Sa'an nan ka je.

Allah ya ba da kasuwa. Sai mun sake saduwa.