Motar da ke aiki da kuran da isansi: yaya za a rage shan mai?

Yau za mu yi bayani a kan wata irin mota mai injin biyu. Ɗaya yana shan isansi, ɗaya yana aiki da kuran ɗin da aka tara cikin babban batir. Ana cika batir ɗin a gida, kamar yadda ake cika na wayar hannu. A ƙasar Sin aka fara sayar da irinta a shekarar 2008, wato BYD F3DM. A 2013 kamfanin Mitsubishi na Japon ya fito da Outlander mai irin wannan aiki.

Amfaninta biyu ne. Tana rage kuɗin mai, tana kuma rage hayaƙin da ke kawo tari da ciwon ƙirji a cikin gari. Amma amfanin ba ya samuwa sai mai motar ya san yadda ake tafiyar da ita. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

1. A cika batir kowane dare. Batir ɗin yana da nauyi ƙwarai. Idan babu kuran cikinsa, injin mai ne zai ɗauki wannan nauyi, sai shan mai ya ƙaru.

2. A cikin gari a yi tafiya da kuran. Yawancin waɗannan motoci suna yin kilomita 40 zuwa 80 da cikawa ɗaya. Wannan ya isa zuwa kasuwa, da asibiti, da gona ta kusa. A doguwar hanya, kamar daga Maraɗi zuwa Damagaram, a bar injin mai ya yi aiki, a aje kuran don shiga gari.

3. A taka birki sannu sannu, tun daga nesa. Lokacin da motar ke rage gudu, injin kuran yana mayar da ƙarfin tafiyar cikin batir. Birki na farat ɗaya yana ɓarnatar da wannan riba.

4. A rage gudu, a duba iskar taya kowane wata, kada a yi lodin da ya wuce kima.

5. Zafi yana tsofar da batir. A aje motar a inuwa, musamman lokacin bazara. In za a sanyaya cikinta, a yi tun tana haɗe da kuran na gida.

6. A riƙa tada injin mai lokaci lokaci, domin man da ya daɗe cikin tanki yana lalacewa.

Akwai kuma gargaɗi don lafiyarmu. Wayoyi masu launin ruwan goro da ke cikin motar suna ɗauke da kuran mai ƙarfin kisa. Kada kowa ya taɓa su sai makanikin da ya koyi aikin. Kada a cika batir da siririyar waya, tana iya yin zafi ta kawo gobara. Haka kuma motar ba ta da ƙara sosai idan tana tafiya da kuran, yara da dabbobi ba su jin zuwanta. Direba ya yi hattara kusa da makaranta da mashayar dabbobi.

Kafin mutum ya sayi irin wannan mota, ya tambayi kansa: ina da wurin cika batir kullum? Idan babu, kuɗinsa za su tafi ga abin da ba zai mora ba.