Jami'ar Bingham: Ku Je Ku Gani Kafin Ku Biya

'Yan'uwa, akwai iyayen da sukan sayar da gona domin ɗansu ya shiga Jami'ar Bingham, wadda Ikkilisiyar ECWA ta kafa a Karu, Jihar Nasarawa, a 2005. Irin wannan kuɗi ba na zubarwa da ka ba ne.

Ƙofar shiga da aka fi bi ita ce: jarrabawar JAMB, kiredit 5 a WAEC ko NECO, sa'an nan tantancewar jami'ar. Takardar fasto ba ta maye gurbin ko ɗaya. Tun 2017 JAMB ke tabbatar da gurbi ta tsarin CAPS. In sunan yaro bai fito can ba, kada a biya ko kwabo.

Masu karatun likita kuwa a Jos suke ƙarasawa, a asibitin koyarwa na Jankwano. A sa wannan ma cikin lissafi.

Shawararmu ke nan: ku je tare da yaron. Ku duba ɗakin kwana, ruwa da abinci. Ku karanta dokokin sujada da na fita. Ku tambaya ko NUC ta amince da kwas ɗin. Ku lissafta kuɗin dukan shekarun, ba na shekarar fari kaɗai ba.

Ubangiji ya ba mu hikima.