Kafin ka manna tayil a saman bene

Wanda ya kwana biyu bai shiga Jega ba, zai ga benaye sun ƙaru a bakin manyan tituna: shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Aliero ma tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a 2006 neman masauki bai ragu ba, Maiyama kuma tana biye. Abin da mai gini bai cika tunawa ba sai an tare shi ne ƙarar da na sama ke saukar wa na ƙasa.

Ƙara iri biyu ce. Akwai wadda iska ke ɗauka, kamar hira da rediyo. Dekin mai kaurin inci 6 yana tare yawancinta. Mai hana barci ita ce ta bugu: takun ƙwas-ƙwas, jan kujera, faɗuwar murfin tukunya, guje-gujen yara. Wannan cikin kankare take shiga, ta bi ginshiƙi da bango, ta fito a kan mai kwance a ƙasa. Shi ya sa rufe taga ba ya maganinta, silin ɗin ado ma kaɗan yake ragewa. Magabata da ke ɗora bene a kan azara da ƙasa mai kauri, su yi daɓe da makuba, sun huta da yawancin wannan, domin ƙasa tana shanye bugu.

Tayil da tarazo su ne kan gaba wajen kai ƙara, saboda taurinsu. Ban ce a guje su ba. Wanda ya san zafin Afrilu a Kabi ya san daɗin sanyin tayil a tafin ƙafa. Amma a sa wani abu mai laushi tsakaninsa da dekin: shimfiɗar roba da aka yi don wannan aiki, sannan siminti, sannan tayil. A bar 'yar tazara a gindin bango a cike ta da roba, don in tayil ya haɗe da bango ƙarar ta samu hanya. Ka tsaya a kan mai aikin. In ya ɗiga siminti a kusurwa huɗu ya ɗora tayil, ƙarƙashin zai zama kogo. Ƙwanƙwasa da ɗan makulli za ka ji. Irin wannan yana amsa kowane taku, kuma shi ke fara tsagewa.

Wasu kan ce a zuba yashi da siminti mai kauri a kan dekin. Kada ka yi sai injiniya ya duba: kaurin santimita 5 kawai yana ƙara wajen kilo 100 a kowane murabba'in mita.

Ɗan haya da ya tarar an gama aiki, kafet mai soso a ƙasa ya fi komai kashe taku, sai dai yana riƙe ƙurar hunturu, mai asma ya yi hattara. Darduma babba da za a iya kakkaɓewa a waje ta fi dacewa da mu. Ledar ɗaki siririya ado ce kawai. A sa wa ƙafafun kujeru da gado 'yan robobi.

Turmi kuwa babu shimfiɗar da ke iya masa. Uwargida, a sauko da daka tsakar gida. Janareta ma ƙasa ne wurinsa, a fili inda hayaƙi zai fita, a ɗora shi kan tsohuwar taya.