Hayar Gida Ta Kwana Biyu: Yadda Garuruwan Wata Hamada A Amurka Suke Ba Da Lasin

Yawancinmu in an ce hamada, abin da yake zo mana a rai shi ne rairayi da ƙishirwa. To, a ƙasar Amurka akwai wata hamada wadda masu hali suke tururuwa zuwa cikinta don hutawa, har gidajen wurin sun zama abin rigima tsakanin maƙwabta. Sunan wurin Kwarin Coachella, a kudancin jihar Kalifoniya, kimanin mil 110 gabas da birnin Los Anjalis. Tsawon kwarin mil 45 ne, akwai garuruwa tara a jere cikinsa, kowanne da majalisarsa da dokokinsa.

Ruwan saman da ake samu can a shekara bai cika wuce inci 5 ba. Zafi kuwa ba a magana: ran 5 ga Yuli 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51 a garin Palm Springs. Duk da haka ƙasar noma ce. An haƙa babbar hanyar ruwa mai tsawon mil 123 daga Kogin Colorado, ruwanta ya fara shiga gonaki a ƙarshen shekarun 1940. Mafi yawan dabinon da ake nomawa a Amurka daga wannan kwari yake fitowa, kuma irin da suke kira Medjool daga Maroko aka kai shi a 1927. Ana noman inabi da lemo da tattasai ma.

Amma amfanin da ya fi kawo kuɗi a yammacin kwarin ba a gona yake ba. Baƙi ne. Da hunturu, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Amurka da Kanada, nan sai rana mai daɗi. A watan Maris ana gasar ƙwallon tanis a Indian Wells, a Afrilu kuma ana babban bikin kaɗe-kaɗe a Indio, wanda aka fara tun 1999. Dubban mutane sukan zo, kowa yana neman wurin kwana.

A da baƙo otal yake sauka. Da kamfanoni irin su Vrbo da Airbnb suka kafu a intanet, sai ya zama mai gida yana iya sa hoton gidansa, baƙo ya gani daga nesa, ya biya, ya zo ya kwana biyu ko uku ya tafi. Wanda ya lissafa ya ga kuɗin 'yan kwanakin biki zai iya fin na hayar wata guda, me zai sa ya ba malamin makaranta gidan na shekara? Sai masu jari daga wasu birane suka shiga sayen gidaje don wannan sana'a kaɗai.

Wanda yake zaune a unguwar kuwa, shi ne ya sha wahala. Yau waɗannan baƙi, jibi waɗancan, ba ka san kowa ba. Kiɗa har tsakar dare a bakin kududdufin wanka, motoci sun cika layi, shara ta taru. Ba maƙwabcin da za ka kai wa kuka, don mai gidan yana wata uwa duniya.

Garin Palm Springs, mai mutane wajen 45,000, shi ya fi kowa tsara dokar dalla-dalla. A wurinsu, hayar da ba ta wuce kwana 28 ba ita ce gajeruwar haya, kuma ba a yin ta sai da lasin daga hukumar gari. Dokar da suka yi a 2017 ta ce mutum ɗaya lasin ɗaya, don kada attajiri ya kwashe unguwa. Kafin a ba da lasin sai an duba gidan, an ga inshora. Ɗakin kwana ɗaya, manya biyu da mota ɗaya. Wanda zai sa hannu a takardar haya sai ya kai shekara 25. An hana kunna kiɗa a waje ko da rana tsaka, na cikin ɗaki ma kada a ji shi daga bakin shinge. Akwai lambar waya ta kai ƙara dare da rana, kuma dole mai gida ya ajiye wakili a kusa wanda zai iso cikin minti 30 in an kira. Laifi uku, a dakatar da lasin shekara biyu. Wanda aka kama yana haya ba lasin, tararsa dala 5,000, kuma ba zai ƙara samun lasin ba har abada.

Wasu mazauna suka ce wannan bai isa ba, a hana sana'ar ɗungum a unguwannin zama. Aka jefa ƙuri'a a kan haka a watan Yuni 2018, kashi 70 cikin 100 suka ce a'a. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Kowane baƙo yana biyan harajin kwana, fiye da kashi 11 cikin 100 na kuɗin haya, kuma da irin wannan kuɗi gari yake biyan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Ga masu shara da masu wanke kududdufi da masu gidajen abinci, duk a jikin baƙin nan suke ci.

Bayan annobar korona gidajen haya suka ƙara yawa, sai a Nuwamba 2022 majalisa ta sake ɗaure igiya. Ta ce a kowace unguwa gidajen gajeruwar haya kada su wuce kashi 20 cikin 100. Unguwar da ta cika, mai nema sai ya shiga layi ya jira. Sabon lasin kuma haya 26 kaɗai aka yarda masa a shekara, tsofaffi kuwa an bar su da 36 a lokacin. Aka fito da ƙaramin lasin na haya 6 a shekara don mai gidan da yake so ya ɗan rage asara lokacin biki. Wanda yake kwana a gidansa ya ba baƙo ɗaki ɗaya, dokarsa ta fi sauƙi.

Ga wurin da ya kamata mai lissafi ya tsaya ya duba. Lasin ba ya bin gida in an sayar. Wato wanda ya sayi gida da tsada, da bashin banki, yana dogara ga kuɗin baƙi, in ya tashi sayarwa a unguwar da ta cika, mai saye ba zai gaji lasin ba. Don haka ba zai biya tsohon farashi ba. A wata unguwa mai suna Racquet Club Estates, inda gidajen haya suka kai wajen kashi 40 cikin 100, farashin gidaje ya faɗi ƙwarai bayan dokar. Ashe rabin darajar da suke gani a gidan ba ta bulo ba ce, ta takarda ce, kuma takardar a hannun majalisa take.

Sauran garuruwan kowa ya kama tasa hanya. Cathedral City, wadda take jikin Palm Springs, mutanenta sun jefa ƙuri'a a Maris 2021 suka yarda a kawar da sana'ar daga unguwannin zama kafin farkon 2023, sai dai inda mai gida yake ciki ko inda ƙungiyar masu gidajen unguwa ta amince. Rancho Mirage ta hana gaba ɗaya daga tsakiyar 2022. La Quinta ta daina ba da sabon lasin a yawancin unguwanni a 2021, amma da aka nemi a soke tsofaffin ma a ƙuri'ar Nuwamba 2022, masu neman sokewa suka faɗi da ɗan ƙaramin rata. Saboda haka titi ɗaya yana iya raba gidan da haya take halal da wanda take jawo tara. Jihar ma ta sa hannu a 2021, ta ba garuruwa ikon cin tara har dala 5,000 a kan mai maimaita laifin da ya shafi lafiyar jama'a.

Masu son hani sukan ce in an kori baƙi, talaka zai sami gida. A ganinmu akwai gaskiya ciki, amma ba duka ba. Gidan da yake da kududdufin wanka da filin ciyawa, ko an daina ba baƙi, lebura ba zai iya hayarsa ba. Wani mai kuɗin ne zai saya, ya zauna wata uku na hunturu, ya kulle sauran shekara.

Masu hawa bishiyar dabino da masu tsinkar inabi suna can gabashin kwarin, a ƙauyukan Mecca da Thermal da Oasis. Yawancinsu 'yan asalin Meziko ne, da yawa suna zaune cikin tsofaffin gidajen tirela. A 2019 hukumar kare muhalli ta tarayya ta ba da umarnin gaggawa a kan wani babban sansani a Oasis, don an sami gubar arsenik cikin ruwan shansu fiye da ƙima. Lokacin tsinkar inabi, daga Mayu zuwa Yuli, an sha ganin 'yan cirani suna kwana cikin motocinsu a Mecca. Waɗannan ƙauyuka ba su da majalisar gari tasu, suna ƙarƙashin gundumar Riverside ne, don haka harajin kwanan da Palm Springs take karɓa a baitulmalinta yake tsayawa, mil 40 daga gonakin dabino.